Rumbun Tsimi da Kuɗin Gwamnati

Ya kai mai karatu, tambayi tsofaffin El Alasan Mairairai, ko na Mayahi da Tasawa, za su lissafa maka yunwa da sunanta. Akwai Kakalaba ta 1914. A 1931 kuma fara ta cinye gero a gona.

Bayan wannan ne Nasara suka tilasta wa kowane gari ya ajiye hatsi a rumbun tsimi. Dabarar tana da kyau, amma talakawa sun ƙi jininta, don da ƙarfi ake karɓar hatsin, mabuɗi kuwa yana hannun hukuma.

Da aka sami mulkin kai, gwamnati ta kafa OPVN a 1970, ta ba ta kuɗi ta sayi hatsi da kaka, ta ajiye saboda baƙar rana. Ajiyar ba ta yi ƙarfi ba sai ga farin 1973. Dabbobi suka mutu, mutane suka watse. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka tuɓe Diori Hamani, kuma yunwar nan tana cikin manyan dalilan da Seyni Kountché ya bayar. Ka ga shugaba yana da soja da bindiga, amma rumbu wofi ya kayar da shi.

Kountché ya zuba kuɗin yuraniyom cikin ajiyar hatsi. Duk da haka, a 1984 damina ta gaza, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Mutanen ƙasar Maraɗi suka sa wa wannan yunwa suna El Buhari.