Citta da Ruwan da Ke Tatso Magani: Daga Jiƙon Gida Zuwa Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya shiga kasuwar Kafanchan ko ta Kwoi da kaka, ƙamshin citta ne ke fara tarbarsa tun bai ga buhunan ba. Wannan ƙamshi da yajinsa suna cikin ɗan mai da ƙaro da ke ɓoye a jikin saiwar, kuma akan tatso su ta hanyar jiƙa ta a ruwan da zai narkar da su. Iyayenmu sun san haka tun da can, shi ya sa suke jiƙo da tsimi. Masana'antun magani na zamani ma a kan wannan hikima suke tsaye, sai dai nasu ruwan narkarwar ya fi na randa ƙarfi, ya fi shi tsada, wani lokaci ma guba ne.

Noman citta don kasuwa ya kankama a kudancin lardin Zazzau wajajen 1927, daidai lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya mai da Kafanchan mahaɗa tsakanin Kaduna da Jos. Tun daga lokacin tsarin bai sauya sosai ba: a haƙa, a tsaga, a shanya, a ɗura a buhu, a tura bakin teku. Tatsar man, inda ribar take, akasari a Indiya da Turai ake yi. An taɓa gina masana'antar sarrafa citta a Kachia, amma ba ta ɗore yadda aka yi fata ba.

A can waje kuwa ilimin tatsa ya yi nisa. A 1879 wani masani a Turai, Franz von Soxhlet, ya fito da kwalbar da ruwan narkarwa ke tafasa a ciki, ya zama tururi, ya huce, ya ratsa abin da ake tatsa, sannan ya koma ƙasa ya sake zagayowa. Ruwa ɗaya, aiki sau da yawa. Amma da arzikin fetur ya zo a ƙarni na 20, kamfanoni suka rungumi ruwaye masu araha da ake samu daga ɗanyen mai, har da benzin, wanda aka gano yana haddasa sankarar jini. A yi amfani da su, a ƙona ko a zubar.

A 1992 wani masani, Roger Sheldon, ya ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya na magani yana barin shara kilo 25 zuwa sama da 100, kuma mafi yawanta ruwan narkarwa ne. A 1997 hukumomin magani na Turai, Amurka da Japan suka amince da ƙa'idar da ta kasa waɗannan ruwaye gwargwadon haɗarinsu. A 1998 wasu masana biyu, Paul Anastas da John Warner, suka zayyana ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba. Kamfanin Pfizer ya nuna abin mai yiwuwa ne: ya maye ruwaye huɗu da itanol kaɗai wajen haɗa maganin sertraline, ya kuma samu lambar yabo a 2002.

A nan tarihin ya dawo gida. Itanol daga rogo, rake da masara ake yin sa. Totuwar masara da tuƙar rake, waɗanda muke ƙonewa, su ne tushen wani ruwan narkarwa da masana'antu ke nema yau. Wahalar tana wajen tsarkakewa. Itanol na tafasa a digiri 78 na ma'aunin salshiyos, amma tacewa da tururi kaɗai ba ta wuce da shi kusan kashi 96 cikin ɗari ba, sauran ruwan sai an tsotse shi ta wata dabara. Kuma kafin a sake amfani da shi a haɗa magani, dole a auna a tabbatar babu ragowar ƙazanta. Wannan aunawa da tacewa sana'a ce mai zaman kanta, ta masu ilimin sinadarai, injiniyoyi da masu harhaɗa magunguna.

Wuraren koyo ba su yi mana nisa ba. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Zariya, akwai cibiyar binciken magunguna a Idu, Abuja, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya ta kimiyyar aiki da aka kafa a Kachia a 2025.

Cutar da ta ruɓar da gonakin citta a 2023 ta nuna haɗarin dogaro da sayar da ɗanyen kaya kaɗai. Kusan shekara ɗari muna noma, wasu na tatsa. Kira gare ku matasan Jema'a, Jaba, Kachia da Kagarko: ku nemi wannan ilimi, domin wanda ya iya tace ruwan narkarwa ya mai da shi bakin aiki, shi ke riƙe da ribar cittar iyayensa.