Dokin Berlin da Furojet Ɗina

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk wanda ke ajin ƙarshe yana fama da furojet ya daure ya karanta.

Makon jiya na kai wa malamar da ke duba aikina babi na huɗu. Bincikena a kan yadda 'yan kasuwarmu na Sabo suka yarda da karɓar kuɗi ta waya ne. Sakamakon ya yi kyau sosai, kusan kowa ya ce ya yarda. Ta duba, sai ta ce in nuna mata yadda na riƙa yin tambayar. Na gyara tsayuwa na ce, "Alhaji, ai dai ka yarda da taransfa ko?" ina gyaɗa kai. Wallahi dariya ta yi. Ta ce in je in karanta tarihin wani doki mai suna Hans, sannan in dawo.

Ga abin da na samu. A farkon shekarun 1900 akwai wani tsohon malamin lissafi a Berlin ta ƙasar Jamus, Wilhelm von Osten, da ya ce ya koya wa dokinsa lissafi. A tambayi dokin uku a tara da huɗu, sai ya buga ƙafa sau bakwai ya tsaya. Jama'a suka riƙa tururuwar kallo. A 1904 aka kafa kwamitin mutum 13 ƙarƙashin Farfesa Carl Stumpf, har da likitan dabbobi da shugaban gidan zu na Berlin. Suka bincika, suka ce ba su ga wata damfara ba.

Wanda ya warware zancen ba babban farfesa ba ne. Oskar Pfungst ne, ɗalibin Stumpf kuma mataimakinsa. Abin da ya yi mai sauƙi ne: ya sa a yi wa dokin tambayar da shi mai tambayar bai san amsarta ba. Idan mai tambaya ya san amsa, Hans na cin kusan duka. Idan bai sani ba, da kyar yake cin kaɗan. Da aka sa masa makarin ido ya daina ganin mai tambaya, nan ma ya rikice. Ashe fuska da jikin mutum yake karantawa. Mai tambaya na ɗan sunkuyawa idan doki ya fara buga ƙafa, da an kai lambar sai ya ɗan ɗaga kai ba tare da ya sani ba, shi kuma doki ya tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska kenan. Pfungst ya fitar da littafinsa a 1907.

Kada ku ce wannan matsalar dabba ce kawai. Na'ura ma ta faɗa ramin. A 2019 wasu masu bincike, su ma a Berlin, suka binciki wata manhaja da ta ƙware wajen gane hoton doki. Da suka duba inda take kallo a cikin hoton, sai suka tarar ba dokin ba ne. Wani ɗan rubutun mai hoto ne da ke ƙasa, wanda ya yawaita a hotunan dawakin da aka horar da ita da su. A cire rubutun, ta rasa dokin. Sunan Hans suka sa wa irin wannan manhaja.

Sai Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne. Tana ɗalibar gaba da digiri a MIT ta Amurka ta lura manhajar gane fuska ba ta ganinta sai ta sa farin abin rufe fuska. Ba ta tsaya ƙorafi ba. Ta tattara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu da ƙasashen Turai uku, ta gwada manhajojin IBM, Microsoft da Face++. A sakamakon da suka fitar da Timnit Gebru a 2018, kuskuren tantance namiji da mace bai wuce kashi 0.8 ba a kan fararen maza, amma ya kai 34.7 a kan baƙaƙen mata.

Tsakanin Pfungst da Joy akwai sama da shekara 100, kuma fanninsu ba ɗaya ba ne. Amma tambaya ɗaya suka yi: wannan amsar mai kyau, daga ina ta fito?

To ni fa? Ɗan gida ne a Sabo. Can nake Juma'a, can nake sayen tsire. Dattijon da ya ga ɗan uwansa ya zo da takarda yana gyaɗa kai, kunya da kara ba za su bar shi ya ce a'a ba. Kenan ba ra'ayinsu na auna ba, fuskata na auna. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai wanda ya fi ni laifi: mai zama a ɗaki ya cike takardun tambayoyinsa da biro kala uku, da mai kwafo amsar ChatGPT bai duba tushenta ba.

Abin da ya fi damuna, mu ne ke jin harshen mutanenmu a nan. Idan muka rubuta kuskure a kansu, wa zai gyara? A laburare zai zauna, wani ya zo ya kwafa.

Na sake rubuta tambayoyin, na cire duk wani "ai" da "ko". Ranar Asabar zan koma Sabo, kuma ina neman mutum biyu masu jin Hausa da ba ruwansu da yadda sakamakon zai fito, su yi tambayoyin a madadina. Mai hali ya yi min magana ta akwati. Shayi da burodi a kaina.

Allah ya ba mu sa'a, ya fitar da mu lafiya.