Allurar amosanin gwiwa

Allurar amosanin gwiwa magani ne da likita ke zubawa cikin gaɓar da guringuntsinta ya zaizaye. Iri uku suka fi shahara. Sitiroyid yana kwantar da kumburi da zafi da sauri, amma amfaninsa na 'yan makonni ne. Wani bincike na 2017 a Amurka ya nuna yawan maimaita shi kan ƙara cinye guringuntsi. Hayaluronik asid yana ƙara wa ruwan gaɓa santsi. PRP kuwa daga jinin majiyyacin ake tace shi, sai dai gwajin da aka yi a Ostiraliya a 2021 bai nuna ya fi allurar ruwan gishiri ba. Motsa jiki da rage ƙiba su ne ginshiƙin jinya.