Kano Pillars: Tarihin Sai Masu Gida

Kano Pillars ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta birnin Kano, mallakar gwamnatin jihar, wadda aka fi sani da kirarin Sai Masu Gida. Tana wasanninta na gida a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma rawaya da kore ne launukanta. Sau huɗu ta lashe babbar gasar Najeriya, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. A duk Arewa babu ƙungiyar da ta tara kofunan babbar gasa kamarta, shi ya sa goyon bayanta bai tsaya a ganuwar Kano ba. A garuruwa irin su Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda matasa suka fi sabawa da gasar Ingila a gidajen kallo, idan hira ta juyo kan ƙwallon gida, da wuya a ƙare ba a ambaci Pillars ba.

Ƙwallo ta daɗe da kafuwa a Kano kafin a haifi Pillars. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas ta ɗauki kofin ƙalubale, a lokacin da kofin ya zama kamar gadon 'yan Legas. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa. Bayan tauraronta ya dusashe, sai birnin ya rasa ƙungiya guda da za ta tsaya masa. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars. Shekara guda da kafuwarta ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2.

Sai da aka jira har 2008 kafin babban kofi ya shigo Kano, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan nasara ce ta buɗe mata ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, kuma a nan ne ta yi abin da har gobe ake ba da labarinsa. An haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1 da 1 a Najeriya, kowa ya ɗauka magana ta ƙare, domin ba kasafai baƙo ke fita da kai a sama daga Alƙahira ba. Amma a can aka tashi 2 da 2, Pillars ta wuce saboda ƙwallayen da ta ci a waje. A ƙarƙashin mai horarwa Ivo Sajh, ɗan ƙasar Sulobeniya, ta zo ta ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya. Abin takaici, 'yar gida ce ta tare mata hanya a wasan kusa da na ƙarshe: Heartland ta lallasa ta 4 da nema a Owerri, ta sake cin ta 1 da nema a Kano. Har yau Pillars ba ta sake kaiwa wannan matsayi ba.

A kakar da ta biyo baya ne wani matashi ɗan Jos, Ahmed Musa, ya zura wa Pillars ƙwallo 18 a gasar ƙasa, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Daga Kano ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, daga baya ya zama kyaftin ɗin Super Eagles.

Shekarun 2012 zuwa 2014 su ne ganiyar ƙungiyar. Mohammed Baba Ganaru ya ci kofi biyu a jere, Okey Emordi ya cika na uku. Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, da Gambo Mohammed su ne ginshiƙan wannan zamani. Sirrin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2003 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan gasar ƙasa, har wasa 202, sai a watan Agusta na 2015 da Nasarawa United ta yi nasara da ci 2 da 1. Shekara goma sha biyu ke nan. Duk wanda ya ga yadda filin Ƙofar Mata ke cika tun rana na tsaka, da kiɗa da kirari, ya san dalilin da ya sa ƙafafun baƙi ke yin sanyi.

Sai dai wannan ƙarfin na gida bai bi ta zuwa ƙetare ba, kuma sakamakon wasanninta na Afirka ya nuna haka ƙarara. A 2013 ta ci AC Léopards ta Kwango Barazabil 4 da 1 a Kano, aka rama mata 3 da nema a can, ta fita. A 2014 AS Vita ta ci ta 3 da 1 a Kinshasa, nasarar 2 da 1 da ta samu a Kano ba ta wadatar ba. A 2015 Moghreb Tétouan ta Maroko ta zuba mata huɗu ba ko ɗaya, ita kuma ta ci 2 da 1 a gida. A 2019 ta doke Asante Kotoko ta Gana 3 da 2, aka ci ta 2 da nema a Kumasi. Sau huɗu tana cin wasa a gaban jama'arta, sau huɗun ana fitar da ita. A ganina laifin bai tsaya kan 'yan wasa ba. Gasar da kusan kowace ƙungiya ke dogaro da makin gida ba ta koya wa kowa yadda ake kare kai a bakin duniya.

Ƙungiyar ta ga jarrabawa a wajen fili ma. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motarta wuta a hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Mohammed. A watan Fabrairu na 2018 ɗan wasan bayanta Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a Kano, sa'o'i kaɗan bayan wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba.

A shekarar 2018 ɗin ce kuma ta sha kayen da ya fi kowanne ciwo. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, Pillars na gaban Enugu Rangers da ci 3 da nema, har an fara murna a Kano. Cikin kusan rubu'in sa'a na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti da ci 4 da 2. Mai horarwa Ibrahim Musa da yaransa suka share hawayen a shekara ta gaba a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna: aka tashi babu ci da Niger Tornadoes, Pillars ta yi nasara 4 da 3 a fenariti. Shekara 66 ke nan rabon Kano da wannan kofi.

Faɗuwar 2022 tana da ɗaci, domin daga cikin gida ta fito. A watan Afrilu aka tayar da hargitsi a wasa da Katsina United a Kano, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta cire mata maki uku, ta mayar da wasanninta Abuja. Bayan wata biyu aka sake cire mata maki saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada. A ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na biyu. Ƙaunar da ta sa baƙi ke shakkar Kano, ita ce da ta wuce gona da iri ta jawo wa ƙungiyar asarar makin da take matuƙar buƙata, kuma masu jifa da kutsawa fili ba su da hujjar kiran kansu masoya.

Ba ta daɗe a ƙasa ba. A 2023 ta dawo babbar gasa tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Ahmed Musa, wanda ya taɓa dawowa na ɗan lokaci a 2021, ya sake sa rigar Pillars a 2024, sannan a 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Aikin da ke gabansa a fili yake: a tsare filin Ƙofar Mata daga masu tayar da fitina, a kuma gina ƙungiyar da za ta iya kawo maki daga waje. Rabon Pillars da kofin babbar gasa tun 2014.