Kasuwar Dabbobi da ta Zama Bikin Birnin Sebiya

Duk wanda ya sauka birnin Sebiya na kudancin Sifaniya kimanin mako biyu bayan Ista, zai tarar da gari ya kwashe ya koma unguwar Los Remedios. Dawakai da kekunan doki sun cika hanya, mata sun sha dogayen riguna masu ɗigo-ɗigo da tattara, ana kiɗa ana rawa har asuba. Sunan bikin Feria de Abril, wato bikin watan Afrilu. Baƙo zai ɗauka tun fil azal haka yake, alhali asalinsa cinikin bisashe ne.

A shekarar 1846 wasu ƴan majalisar birnin su biyu, José María Ybarra da Narciso Bonaplata, suka kawo shawarar a riƙa cin kasuwar dabbobi ta kwana uku kowace shekara. Abin mamaki, babu haifaffen Sebiya a cikinsu: na farko ɗan yankin Bask ne, na biyu ɗan Kataloniya. Sarauniya Isabel ta Biyu ta amince, aka ci kasuwar farko a Afrilun 1847, a filin Prado de San Sebastián.

Wanda ya san kasuwar dabbobi ya san sauran labarin. Dillalai suka kafa rumfuna don samun inuwa, masu abinci suka biyo su, makaɗa suka biyo masu abinci. Sannu a hankali shagali ya rinjayi ciniki. Da filin ya yi wa jama'a kaɗan, aka mayar da bikin Los Remedios a 1973. Yau rumfunan sun haura dubu, kuma ana buɗe bikin ne da tsakar dare, lokacin da ake kunna fitilun babbar ƙofar shiga gaba ɗaya.

Rigar nan da mata ke alfahari da ita ma tana da nata tarihi. Tufafin aiki ne na matan ƙauye da matan Gitano da ke rako mazajensu cinikin dabbobi. Daga baya matan masu hali suka ga ta yi kyau, suka ɗauka. Sai dai yau mafi yawan rumfunan na iyalai ne da ƙungiyoyi, ba a shiga sai da gayyata, ƴan kaɗan ne ke buɗe ga kowa. Bikin da talakawa suka yi wa ado, ga shi talaka da baƙo kan tsaya a bakin ƙofa. Mai niyyar zuwa da iyali ya kuma sani ana shan giya sosai a wurin. Da rana, lokacin hawan dawakai, ya fi dacewa da yara.

Birnin kansa ya girmi bikin nesa ba kusa ba. Larabawa na kiransa Ishbiliya. Hasumiyar Giralda da ake hangowa daga nesa asalinta ta masallaci ce, an kammala ta a 1198, kafin Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1248.

Malamai da iyaye, idan yaro ya tambayi asalin wata al'ada a lakkol ko a gida, kada mu rufe masa baki da "haka muka tarar". Mutanen Sebiya sun san shekarar da bikinsu ya fara, sun san waɗanda suka kawo shi. Mu fa, wa zai gaya wa ƴaƴanmu yaushe aka fara cin kasuwar garinsu, tun dattawan da suka sani suna raye?