Wuraren Tattarawa da Adana Ganoderma colossus a Nijar, da Gurbin da Ƙasar Adar ke Jira a Cike

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun Ganoderma colossus, wani nau'in naman kaza mai tsirowa a jikin itace, daga inda aka fara bayyana shi zuwa ma'ajiyoyin da samfuran Nijar suke a yau. Ta nuna cewa yawancin abin da aka tattara ya fito ne daga kudu maso yammacin ƙasar, sannan ta kafa hujja cewa yankin Babankatami da kewayen Buza, Madawa da Keita, a ƙasar Adar, ya cancanci a yi masa irin wannan aiki, a kuma bar kason samfuran a Tawa.

Gabatarwa

Masani Elias Fries na ƙasar Suwidin ne ya fara bayyana wannan nau'i a 1851 da sunan Polyporus colossus, daga samfurin da aka samo a Kosta Rika. A 1905 William Murrill na Amurka ya ware masa jinsin Tomophagus, shi ya sa har yanzu ake cin karo da sunayen biyu a rubuce-rubuce. Ana samun sa a ƙasashe masu zafi na Afirka, Asiya da Amurka.

Wanda ya taɓa riƙe shi ba ya mance shi. Yana fitowa a gindin itace ko a kututture, ba shi da ƙafa, fatarsa rawaya-rawaya mai ɗan sheƙi, cikinsa fari-fari ne mai taushi. Idan ya bushe sai ya yi sakayau a hannu kamar ɓawon ƙwarya. Ƙasansa cike yake da ƙananan huji inda ƙwayoyin irinsa ke zubowa. Abin da ido ke gani ɗa ne kawai. Uwar tana cikin itacen, zare-zare ne masu cin sinadarin da ke ƙarfafa katako, har itacen ya koma fari ya yi laushi.

Inda aka tattara, inda aka ajiye

Aikin da ya fi fice a kan naman kazan Nijar shi ne na Oumarou Hama da abokan aikinsa na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Kordoba ta ƙasar Sifen. Sun fi ba da ƙarfi a Gandun Dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Daga wannan ƙoƙari ne aka bayyana sabon nau'i, Agaricus subsaharianus, a 2010, tare da Luis Parra da André De Kesel. Maƙalarsu ta 2012 a kan magungunan gargajiya ta ambaci Ganoderma colossus cikin nau'o'in da mutanen yammacin Nijar ke magani da su. Busassun samfuran kuwa an raba su tsakanin Yamai da ma'ajiyar tsirrai ta Kordoba.

Wannan aiki abin yabo ne, amma yana da illar da ba laifin masu shi ba ce. Taswirar nau'i takan bi sawun ƙafar mai tattarawa. Mai duba ta zai ɗauka cewa naman kazan itace na dajin W ne kawai, alhali abin da take nunawa shi ne inda aka je aka duba.

Hujjar ƙasar Adar

Za a ce ai Adar ƙasar duwatsu ce, ruwan shekara kaɗan ne. Gaskiya ne, sai dai wannan nau'i itace yake bi, kuma itacen yankin ya sauya cikin shekara hamsin. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa jerin dogon yaro da bagaruwa a kwarin Majiya don kare gero daga iska. A 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, ya shiga dashen itatuwa da gina madatsun ruwa. Itatuwan nan sun tsufa, ana sassabe rassansu, wasu sun bar kututture a ƙasar kwari mai riƙe danshi. Raunin gatari ƙofa ce ga irin wannan naman kaza. A ganina, ko don lafiyar jerin itatuwan da manoma suka dogara da su, ya kamata a san wane nau'i ke cin gindinsu.

Hanyar tattarawa da adanawa

Lokacin aikin shi ne tsakiyar damina, Agusta zuwa Satumba. A ɗauki hoton naman kazan a inda yake, a yanko shi da wuƙa haɗe da ɗan ɓallin itacen, a sa a jakar takarda, don leda kan sa shi gumi ya ruɓe. A busar da shi a ranar, a zafin da bai wuce digiri 45 ba, saboda zafi mai yawa yana lalata ƙwayar halittar da za a bincika daga baya. A gutsuri kaɗan daga cikinsa a rufe da ƙwayoyin silika masu shan danshi.

Babban abokin gaba shi ne ƙwaro. Taushin wannan nau'i kan sa ƙananan buzuzu su mayar da shi gari cikin ƴan watanni, don haka sai an daskarar da busasshen samfur na wasu kwanaki kafin ya shiga kabad.

Samfur marar takardar shaida ba shi da amfani ga ilimi. A rubuta ranar, sunan ƙauye, lambobin wurin daga na'urar GPS, irin itacen, da ko rayayye ne ko matacce. A kuma tambayi mata masu itace da masu maganin gargajiya sunan da suke kiransa da abin da suke yi da shi, a rubuta kamar yadda suka faɗa.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar aikin gona. Duk samfurin da aka ɗauko daga Babankatami a raba shi uku: kaso ɗaya Yamai, ɗaya ma'ajiyar waje mai kayan binciken ƙwayar halitta, na uku ya zauna a Tawa inda ɗalibin yankin zai iya buɗe kabad ya kwatanta da abin da ya tsinto.