Wa aka fara ceta da kasuwar gidaje ta faɗi a Amurka?

A wannan makon mun leƙa Amurka ne, zamanin da kasuwar hannun jari ta karye a 1929, kasuwar gidaje ta bi bayanta.

A lokacin bashin sayen gida gajere ne, shekara biyar zuwa goma, kuma uwar kuɗin a dunƙule ake biyanta a ƙarshe. Da ayyuka suka ƙare, bankuna suka daina sabunta bashi, suka shiga ƙwace gidaje. Gini ya tsaya cak.

A 1933 gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC, kuma dabararta ce ta fi jan hankalinmu, domin ba tsabar kuɗi ta zuba ba. Takan karɓi bashin da ya gagara biya daga hannun banki, ta ba bankin takardun lamuni da gwamnati ta tsaya musu, sannan ta shimfiɗa wa mai gida biya wata-wata har shekara 15, da ruwa kashi 5 cikin ɗari. Zuwa 1936 ta karɓi bashin gidaje kimanin miliyan ɗaya. Kusan ɗaya cikin biyar duk da haka sun kasa biya, ita ma ta ƙwace gidajen. Da aka rufe ta a 1951, ba ta bar wa gwamnati asara ba.

To amma wannan ceton mai gida ne da banki. Ɗan haya kuwa babban taimakonsa ya zo ne a 1937, lokacin da aka yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya damar ranta wa hukumomin birane har kashi 90 na kuɗin gina gidajen talakawa, a biya cikin shekara 60. Sai dai an maƙala sharaɗi: duk sabon gida ɗaya, sai an rushe ko an gyara tsoho ɗaya a unguwannin marasa galihu. A ganinmu nan aka yi wa talaka wayo, tunda yawan gidajen bai wani ƙaru ba.

Baƙar fata kuwa nasu ya fi muni. Hukumar FHA, wadda aka kafa a 1934 don tsaya wa masu neman bashin gida, ta ɗauki unguwanninsu a matsayin wurin asara, ta ƙi tsaya wa galibin masu neman bashi a can. Sai a 1968 doka ta haramta wariyar launin fata a harkar gidaje.